Kitsen Musbahu

Ranar da labarin ya iso, Hindatu tana tsugune a ɗan tsakar gidan da take haya a unguwar Hindawiyya ta Jidda, tana soya kitsen rago. Laraba ce da hantsi, cikin watan Rajab, a shekarar da ta gabaci babbar ambaliyar Jidda. Zafi ya kai inda ƙuda ma inuwa yake nema. Ta yayyanka kitsen ta zuba a tukunya, yana narkewa yana tsartuwa, tana kwashe man da ludayi tana ɗurawa a gwangwanin madara. Da shi take gyara miya, don sana'arta ke nan shekara goma sha huɗu: tuwo da miyar kuka, tana sayar wa 'yan uwa masu aikin ƙarfi da suka gaji da shinkafar Larabawa.

Sai ga Indo ta faɗo gidan ko sallama babu. Indo 'yar Maraɗi ce, tana tallan ruwan sanyi da dafaffen ƙwai a ƙarƙashin gadar da marasa takarda ke zaman jiran a kwashe su.

"Hindatu, kashe wutar nan. Ƙanenki yana can kwance."

"Wane ƙanen nawa?"

"Ƙannenki nawa ne a Jidda? Musbahu mana."

"Musbahu yana Gumel, ko yana hanya. Yau kwanansa goma sha ɗaya da tafiya."

"To Gumel ɗin ta dawo ƙarƙashin gada. Wallahi da idona na gan shi, can ƙuryar da ban cika zuwa ba. Da ƙyar ma na gane shi. Kwana biyu yana amai. Mutum ya zube kamar an kwance bakin buhu."

Hindatu ta miƙe, ludayi a hannu, mai yana ɗiga a kan ƙafarta, ba ta ji zafinsa ba. Abin da ya faɗo mata a rai shi ne firij ɗinta. Can ƙasa, bayan robar tumatir, akwai 'yan kwalabe uku na allurar Musbahu, kuma ita ta ajiye su a wurin da hannunta.

Ga yadda aka yi suka zauna a can.

Musbahu shi ne autansu. Uwarsu ta rasu yana da shekara huɗu, Hindatu ce ta raine shi. Da ta zo Umara ta ƙi komawa, bayan shekara biyar ta yi masa hanya ya biyo ta. Ya sauka siriri kamar sillen kara. Ita ta ciyar da shi har ya zama mutum, ya yi wuya, ya yi tumbi, ƙeya ta ninku biyu. A sitocin da ke bayan tashar jiragen ruwa, inda yake dakon buhunan shinkafa, Tanka suke kiransa. Idan mata suka shigo sayen tuwo suka ce, "Hindatu, wannan ƙanen naki ai sai an fasa masa ƙofa ta daban," daɗi take ji har cikin ranta. A ganinta ƙibar nan aikin hannunta ce, kuma shaida ce cewa zamansu a ƙasar mutane bai tashi a banza ba.

Ciwon suga ya kama shi shekara uku kafin nan. Ƙwayoyi suka ƙi yi, aka mayar da shi kan allura, safe da yamma. Shi ba iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ita ma ba iƙama, kuma abin da suka tarar ana faɗa shi ne marar takarda ba ya kusantar ƙofar babban asibiti. Sai maƙwabcinsu Jabiru, direban wani Balarabe, mai iƙama da katin asibiti, ya riƙa ba shi aron katin. Su biyun baƙaƙe ne masu faɗin fuska, mai duba kati kuwa bai taɓa ɗaga kai ya kalli mutum sau biyu ba. Saboda haka a takarda Jabiru ne mai ciwon suga. A jikin kowane kwali da kowace kwalba akwai 'yar takarda manne, da sunan Jabiru da lambarsa.

Da gwiwoyin Musbahu suka fara gazawa, ya ce shi gida zai koma, ya ga matarsa Rabi'a da ɗan da ya bari a goye. Marar takarda kuwa hanyar gida ɗaya ya sani. Ka tafi ƙarƙashin gada, ka shimfiɗa kwali, ka zauna cikin jama'a har ranar da motocin hukuma za su zo su kwashe ku, a tsare ku 'yan kwanaki, a saka ku a jirgi. Kuma kowa ya san ƙa'idar wurin: ba a zuwa da komai mai suna. Ba wasiƙa, ba waya, ba rasit. Ana caje jaka, kuma duk wanda aka tsinci sunansa a ciki ya shiga uku, shi da kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda.

Ana gobe Musbahu zai tafi, da la'asar, Jabiru ya leƙo. "Yaya Hindatu, don girman Allah kada sunana ya bi shi."

Ta ce za ta ɓare takardun.

"Sai kuma a samu baƙin mutum da sirinji da kwalba marar suna? A ƙasar nan? Kin manta abin da ake yi wa masu ƙwaya?" Ya ja yatsa a wuyansa.

Hindatu ta zauna ta yi nata tunanin, kuma har yau tana iya maimaita shi daki-daki. Ciwon suga ne. Suga a abinci yake. A ƙarƙashin gada ina abincin yake? Idan bai ci ba, ta ina sugan zai hau? Ta ma taɓa ganin ranar da ya yi allura bai karya ba, ya faɗi yana rawar jiki yana gumi, sai da ta tura masa dabino a baki. Ashe allura a kan yunwa ita ce haɗari. Ga shi kuma maganin ba ya son zafi, can kuwa babu firij. Kwana uku ne, mutane suka ce, in ya yi yawa biyar.

Ta buɗe jakar Musbahu a gabansa ta zaro kwalaben.

"Yaya, likita fa ya ce kada in tsallake ko sau ɗaya."

"Likita ya san yunwa? Shi da yake cin kaza da rana?" Ta ɗaka masa duka a tumbi. "Wannan rumbun naka ai ya ishe ka cin wata guda. Raƙumi ma da tozonsa yake ƙetare daji."

"Yau kuma raƙumi na koma?"

"Da can mene ne kai? Saurara. Ba burodi, ba shayi mai suga, ba lemon kwalba. Ko kyauta aka ba ka, ka ce kana azumi. Ga garin hulba, ka riƙa jiƙawa kana sha. Kana sauka Kano ka nemi allurarka."

Ya yi dariya har tumbin yana rawa, ya ce to. Tun yana yaro bai taɓa ce mata a'a sau biyu a kan magana ɗaya ba.

Yanzu ta ƙulle kwalaben da ƙanƙara a cikin tsumma, ta cusa a ƙirji, ta zura abaya, suka tari mota ita da Indo.

Wari ne ya fara tarbar su tun kafin su sauka. Mutane ɗaruruwa a ƙarƙashin gadar, Habashawa da 'yan Indonesiya da 'yan Bangaladash da namu, kowa da kwalinsa da ƙullin kayansa. Gindin kowane ginshiƙi ya yi baƙi da fitsari. Wani koren ruwa yana kwance a gefe, ledoji da ƙunzugun yara suna iyo a kai, ƙudaje sun yi masa rumfa. Wata mata tana wanke kwano taku biyu daga inda yaro ya tsuguna. A sama motoci suna wucewa, gadar tana girgiza, ƙura tana zubo wa mutane a cikin abinci. Hindatu ta toshe hanci da gefen mayafi tana tsallake ƙafafun mutane. Ta sha aiko mutane nan da bakinta, tana cewa ai kwana uku ne. Ba ta taɓa takowa ba sai ranar.

Yana kwance a kan kwalin injin wanki, wani tsoho ɗan Bangaladash yana yi masa fifita da murfin kwano. Da Indo ba ta nuna shi ba, da ta wuce. Idanun sun faɗa. Kumatun da take alfahari da su sun zube sun bar ƙashi. Rigarsa ta tattare sama, ta ga fatar cikinsa ta kwanta gefe guda a yamutse, kamar zanen da aka jiƙa aka yar. Kusa da kansa akwai robobin ruwa da yake fitsari a ciki, don ya daina iya tashi, tururuwa sun yi layi sun baibaye bakinsu. Numfashi yake ja mai zurfi, da sauri, kamar zugazugin maƙeri.

Ta durƙusa ta tallafo kansa. A nan ta ji warin bakinsa.

Ba warin amai ba ne, ba kuma na wanda ya kwana bai wanke baki ba. Wari ne mai zaƙi-zaƙi, kamar mangwaron da ya ruɓe a ƙasan kwando, an haɗa da ruwan nan da 'yan mata ke goge jan farce. Zaƙin ne ya tayar mata da zuciya. Kafin ta san abin da take yi ta kawar da fuska gefe. Yaron da ta wanke wa kashi da hannunta. Kuma ya gani.

"Yaya," ya ce, harshen ya bushe yana manne masa. "Ban ci ba. Wallahi ban ci komai mai zaƙi ba. Tambayi tsohon nan."

"Na sani. Yi shiru."

"An kawo sadakar lemo, na bayar. Kwana huɗu ruwa kawai."

"Me ya hana ka dawo gida, Auta? Nan da Hindawiyya tafiyar me ce?"

"Motoci sun zo sau biyu. Mata da yara suka ɗauka. Na ce ina tafiya za su zo." Ya ja numfashi sau uku. "Kin ga Tanka ta yi faci."

Indo ta kare su da mayafinta. Hindatu ta zuƙo maganin yadda ta saba gani, ta tattaro fatar cikinsa, fatar ta taho hannunta ba komai a ƙarƙashi, ta soka. Ta ɗaga masa ruwa. Ya shanye roba guda kamar raƙumin da ta kira shi, ya dawo da shi duka a kan abayarta.

Ta kira Jabiru da wayar Indo. Ya ce sai ya mayar da uwar ɗakinsa gida daga kasuwa. Bai iso ba sai da aka idar da azahar. Da ya buɗe ƙofar motar, abin da ya fara yi shi ne shimfiɗa ledar shara a kujerar baya, ya gyara ta kusurwa-kusurwa. Maza huɗu suka kamo Musbahu suka saka shi. Indo ta koma kan tallanta. Jabiru ya fesa turare, ya sauke gilashi.

"Babban asibiti za ka kai mu," in ji Hindatu. "Ina katin?"

"Ban zo da shi ba."

"Ƙarya kake. A aljihun gabanka yake kwana."

"Yaya Hindatu, dube shi fa. Ki dube shi da kyau. Idan ya cika da katina, wa ya mutu? Ni na mutu. A rubuta Jabiru ya rasu, a soke iƙamata, in zama gawa mai tuƙa mota. 'Ya'yana huɗu."

"Shekara uku yana ciwo da sunanka ba ka ce komai ba."

"Ciwo daban, mutuwa daban. Ciwo ana aron sa."

Ta so ta tofa masa yawu a ƙeya. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ta san ba ƙarya yake yi ba.

Ya ce akwai wata likita 'yar gida, Dakta Zubaidatu, a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Madain Fahd, ba ta tambayar takarda. A hanya suka wuce ta gaban wani babban asibiti, fari tas, da mai gadi a ƙofa. Hindatu ta kalli mai gadin, ta kalli kakinsa, ta sunkuyar da kai har suka wuce. Da suka isa Madain Fahd suka tarar da ƙofa a rufe, an tashi hutun rana sai bayan la'asar. Suka zauna a mota. Jabiru ya fita ya tsaya a inuwar wani shago yana shan lemo, yana duba agogo. Musbahu ya daina magana. Ta kira shi Auta, ta kira shi Tanka, ta kira shi da sunan da uwarsu take kiransa, sai dai numfashin nan, da warin da ya cika motar duk da turaren.

Dakta Zubaidatu 'yar Zariya ce, gajeriya, mai gilashi, ta zo aikin kwantiragi. Tana leƙa kanta cikin motar ta tsaya, ta shaƙa sau ɗaya.

"Yaushe rabonsa da allura?"

Likitar ta kalli Jabiru, ta kalli Hindatu.

"Da ku nake. Yaushe?"

"Kwana goma sha ɗaya," in ji Hindatu. "Sai ɗazu na yi masa ɗaya."

"Inna lillahi. Ku shigo da shi. Yalla, yalla!"

Aka kwantar da shi a ɗakin baya. Ta nemi jijiya a hannu ta rasa, ta nema a ɗayan, da ƙyar ta samu. Ta rataya ledar ruwa ta buɗe ta har ƙarshe, ta ɗaga waya ta yi Larabci da faɗa-faɗa, ta ajiye. Ta ce motar asibiti tana zuwa, wannan ya fi ƙarfin ɗakinta. Hindatu ta waiga tana neman Jabiru. Babu shi, babu motarsa.

"Dakta," ta ce, "bai ci komai ba. Ko lemo aka ba shi bayarwa yake. Ta ina sugan ya shiga?"

"Hanta tana yin suga da kanta, ko mutum bai ci ba. Amma ba sugan ne ya fi ba ni tsoro yanzu ba, Hajiya. Kitsensa ne."

"Kitse kuma? Ai kitsen ya ƙare."

"Ina kike zaton ya tafi?"

Likitar tana matsa ledar ruwan da hannu biyu don ya yi sauri, tana magana ba ta kallon ta.

"Kitsen jikin mutum ajiya ne. Ba ya fita sai da izini. Jikin mai lafiya yana yin wani ruwa da kansa, insulin, shi ne yake dafe da ƙofar. Muddin yana cikin jini, ko kaɗan ne, sai dai a tsakuro kitse daidai buƙata a mayar da ƙofa. Jikin ƙanenki ya daina yin nasa, shi ya sa ake ba shi a allura. Ku kuna ganin maganin abinci ne kawai. To akwai kuma waɗansu ruwayen da aikinsu shi ne su ce a buɗe. Yunwa tana aiko nata. Tsoro yana aiko nasa. Ciwo ma haka. A ina ya kwana goma sha ɗayan?"

"Ƙarƙashin gada."

"To kin gani. Ciki ba komai, duk motar da ta taka birki gabansa ya faɗi. Kullum ana dukan ƙofa, mai dafe ta kuma ba ya nan. Sai kitsen ya ɓalle gaba ɗaya ya kwarara cikin jini. Hanta ta karɓa ta yi ta ƙonawa ba tsayawa, abin da take fitarwa ya fi ƙarfin jiki, ya taru ya yi tsami. Jininsa ne ya yi tsami. Wannan numfashin da yake ja, ƙoƙarin fitar da shi yake. Warin da kike ji, shi ne."

Hindatu ta san yadda kitse yake yi idan aka bar shi a kan wuta ba mai tsaye a kai. Ta san hayaƙin, ta san ɗacin. Shekara tara tana ɗura masa shi ludayi-ludayi, tana jin daɗi idan wandonsa ya ƙi shiga.

"Da ya ci abinci fa?"

"Da an yi allurar. Ko rabi ne. Mai irin ciwonsa ba ya barin ta don bai ci ba, rage ta ake yi, kuma likita ke faɗin nawa."

"Ni na cire ta daga jakarsa."

Dakta Zubaidatu ta ɗago ta kalle ta ta saman gilashi. Ba ta ce ƙaddara ba ce, ba ta ce ba komai. Ta ce, "Riƙe masa hannun nan, kada ya lanƙwasa."

Ta riƙe. A duk ranar, wannan ne kaɗai abin da aka ce ta yi wanda ta san daidai ne.

Da motar asibitin ta zo aka saka shi, direban ya tsaya riƙe da ƙofa yana kallon ta. Abin da aka saba, marar takarda yana raka nasa iyakar nan ne. Daga nan sai ya juya ya ɓace cikin lungu, in an warke a haɗu, in an mutu a binne ba suna. Hindatu ta tuna ɗakinta da tukwanenta da shekara goma sha huɗu.

"Ya hajja, halas, ya isa haka," in ji direban. "Ki hau ko ki matsa."

Ta hau.

Asibitin da suka wuce da rana ne. Mai gadin nan mai kaki shi ya wangale musu ƙofa, ko kallon ta bai yi ba. Mutum biyar suka rufu a kan Musbahu, suka yanke masa riga da almakashi, suka jona masa wayoyi da robobi. Sai da aka shige da shi ciki sannan wani saurayi mai takarda a hannu ya zo ya tambayi sunansa.

"Musbahu Usman."

Ya rubuta. "Iƙama?"

"Babu."

Ya ɗaga kafaɗa, ya ja wani layi a takardar, ya nuna mata kujera. Shi ke nan. Ta zauna tana jiran a zo a kama ta, har aka kira magariba ba wanda ya zo. Wata mai shara ma ta kawo mata ruwa a kofi. Ta riƙe kofin tana lissafa sa'o'in da suka yi a cikin mota a gaban rufaffiyar ƙofa, da wannan ƙofar a buɗe a bayansu. Ta tashi ta shiga banɗaki ta yi aman da ta danne tun ƙarƙashin gada.

Bai farfaɗo ba. Washegari Alhamis, tsakanin azahar da la'asar, zuciyarsa ta tsaya. Ta tambayi Dakta Zubaidatu daga baya ko da sun shiga da rana da ya tashi. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi mata ƙarya ta ce ta sani ba.

Sai da aka yi kwana shida kafin wani dattijo mai iƙama ya sa hannu aka ba da gawar. A Jidda aka binne shi, da sunansa.

Zaman makoki shi ne ya ƙarasa ta. Mata suka cika ɗakin suna cin shinkafa da hannu, mai yana bin yatsunsu har gwiwar hannu. Ɗaya ta ce irin wannan ramar ta kwana goma ai hannu aka sa masa, a sito akwai masu baƙin ciki. Wata ta ce iskar ƙarƙashin gada ce. Wani daga cikin waɗanda suka ɗauki makara ya tsaya a bakin ƙofa yana ba da labari, wai ashe Tanka ba nauyi, da hannu ɗaya ma sai a ɗauka. Jabiru ya zo a rana ta uku, ya yi addu'a mai tsawo har da hawaye, sannan ya rage murya ya ce ko akwai sauran kwalayen nan masu sunansa, yana so ya ƙona. Ta tattaro masa su a leda ta ajiye a ƙasa, don kada hannunta ya taɓa nasa.

Duk wanda ya zauna kusa da ita sai ta faɗa masa. "Ni na cire allurar daga jakarsa." Sai su ce haba Hindatu, kwanansa ne ya ƙare. Haba Hindatu, wa ya isa ya ja da ikon Allah. Ta san kwanansa ne ya ƙare, ba ta ja da wannan ba. Amma yadda suke saurin wanke ta, kamar kwanon da aka ɗauraye ba sabulu aka kife, shi ne yake tayar mata da zuciya. Ta kira Rabi'a a Gumel, wadda ta share ɗaki ta yi sabon kitso tun mako biyu, ta faɗa mata komai ba ta rage ba, tana jiran zagi. Rabi'a ta yi kuka ta ce, "Yaya, ai ke kika raine shi." Hindatu ta kashe wayar.

Ta wanke abayar sau uku, daga baya ta jefar da ita. Warin bai tafi ba. Ba a abayar yake ba. Tana jin shi a kasuwa idan ta wuce masu kayan marmari, tana jin shi a sahun salla idan ta kusa da ita ta yi hamma. Bayan arba'in ta koma wurin Dakta Zubaidatu ta miƙa yatsa aka soka. Likitar ta ce nata jinin ma ya fara hawa, amma da saura, ta riƙa zuwa ana dubawa. Ta ce warin da take ji kuwa ba a jikinta yake ba.

Ta ji, kuma tana zuwa. Amma har yau, kullum da safe, kafin ta sa komai a baki, kafin ma ta gaishe da kowa, tana dunƙule tafin hannunta a kan baki da hanci, ta hura, ta shaƙa. Sai ta sake, don na farko ba ta yarda da shi. Sannan ta tashi ta wanke hannun da sabulu.